Rantsuwar Baffa a Ƙofar Cocin Montbrelle

Ranar da Baffa Mai Moussa ya yi rantsuwa a kan aurena ina madafa ina yankan albasa, shi ya sa babu wanda ya gane lokacin da hawayen albasa suka ƙare na gaskiya suka fara.

Baffa ƙanin mahaifina ne. Tun da Allah ya yi wa Babanmu rasuwa a Damagaram shi ya ɗauke ni, shi ya kawo ni Faransa karatu, a gidansa na La Courneuve nake zaune tare da matarsa Tanti Fatsima. Aurena a hannunsa yake. Ba zai taɓa yi mini dole ba, wannan kam na shaide shi. Amma in ya ce a'a, ko limamin Makka ka ɗauko masa sai dai ya sha shayi ya koma.

Wanda nake so sunansa Illiassou, Ba'adaren Tahoua, yana zaune a Saint-Fons kusa da Lyon. Shofer ne a wani ƙaramin kamfanin limuzin, irin dogayen motocin nan da ake haya ranar biki. Wanda Baffa yake so kuma Abdourahamane ne, ma'aikacin wata ƙungiyar duniya a Paris, mai turare da daɗin baki, wanda bai taɓa shigowa gidanmu hannu rabbana ba.

Ran nan ba dabino kaɗai ya kawo ba. Bayan gaisuwa mai tsawo ya ce shi fa ba gulma ta kawo shi ba, amana ce. Duk wanda ya fara da haka ai kun san sauran. Ya miƙa wa Baffa waya, ya nuna masa hoton da ya tono a shafin kamfanin su Illiassou. Ga Illiassou nan tsaye a ƙofar coci, rungume da wata tsohuwar Baturiya, fitilun Nowel, wato Kirsimeti, sun kewaye shi, shi kuma yana washe baki.

Baffa ya kira ni. Na fito da wuƙa a hannu ban ma sani ba.

"Ruwaida, wallahi tallahi, muddin ƙafar yaron nan tana taka cikin coci, ba zan ba shi aurenki ba."

Tanti Fatsima ta ce da ya bari ya ji ta bakin yaron tukuna. Ina, magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Abdourahamane ya sunkuyar da kai wai shi mai jimami, yana ta murza zoben hannunsa.

Ina shiga ɗaki na kira Illiassou. Kuka ya hana ni haɗa magana, sai da ya yi ta lallashi kafin ya gane zancen. Da ya gane sai ya yi dariya, ni kuwa na ce masa in dariya ya ga abin ya zama to ya ajiye mini waya.

Ya ba ni haƙuri, ya warware mini. Mai kamfaninsu, Madam Sofia, tana da al'ada: duk takwas ga Disamba, ranar da mutanen Lyon da ƙauyukanta suke jera kyandirori a tagoginsu, ba ta ba da hayar mota ko ɗaya. Sai ta aika motocin gidan tsofaffi, a kwashi waɗanda ba su da mai kai su, a mai da su garuruwansu su ga bikin. Shi rabonsa wasu mata da miji ne, Madam Odette da Mushe Gaspard, 'yan wani gari da ake kira Montbrelle. Tsohuwar ba ta tafiya, matattakalar cocin kuma kujera mai taya ba ta hawanta. Shi yake ɗaukarta ya haura da ita, a bakin ƙofa wani kafinta mai suna Bernard ya karɓe ta ya shiga da ita ciki.

"Ban taɓa shiga ba, Ruwaida. Ba don tsoron kowa ba, haka dai muka saba da su."

"Illiassou, ka san Baffa. Ko babban yatsanka ne ya tsallake dokin ƙofar nan, ni da kai mun rabu. Ba zan yi aure babu albarkarsa ba, kuma ba zan iya son wani ba. To ina kake so in sa kaina?"

Ya bar ni na gama kukana. Can ya ce ranar ta kusa, in roƙi Baffa ya zo ya gani da idonsa, motar tana da wuri.

Na zaci Baffa zai ƙi. Sai ya ce gani ya kori ji, a yanki tikiti. Abdourahamane da kansa ya kai mu gar, tashar jirgin ƙasa, har da riƙe wa Tanti jaka. Da zai juya ya matso ya ce mini a hankali in buɗe idona da kyau. Na ce masa Allah ya saka, ban kuma faɗa masa da me ba.

A Lyon muka tarar da Illiassou yana jira, cikin baƙin manto, doguwar rigar sanyi, da farar safar hannu. Yana hango Baffa ya durƙusa har ƙasa, a jiƙaƙƙen daɓe, Turawa suna ratse shi suna waiwaye. Ya tambayi hanya, ya tambayi sanyi, ya tambayi mutanen gida da na Damagaram. Baffa ya amsa da lafiya lau guda biyu ya rufe bakinsa.

Sai ga motar. Fara sol, doguwa, har Tanti ta raɗa mini cewa anya ba motoci biyu aka haɗa aka liƙe ba. Illiassou ya buɗe ƙofar baya, ga kujerun fata suna kallon juna, ga ƙananan fitilu a rufi, ga ɗumi yana fitowa. Baffa ya leƙa sau ɗaya ya ja da baya. Ya ce shi ba ango ba ne, ba biki ya zo ba, gaba zai zauna. Na san dalili, so yake idonsa ya kasance a kan mutumin.

Muka biya gidan tsofaffin. Madam Odette 'yar firit ce, Illiassou ya ɗauke ta kamar ƙullin wanki ya zaunar da ita kusa da ni, ya lulluɓe mata ƙafafu da bargo. Mijinta Mushe Gaspard dogo ne, tsohon manomin inabi, idanunsa sun daɗe da rufewa. Tsohuwar ta kama hannuna ta ƙura mini ido, ta tambaye ni ko ni ce wadda yaron nan yake cika musu kunne da labarinta. Na rasa inda zan sa fuskata, Tanti kuwa ta shiga tarin ƙarya.

Muka bar gari, hanya ta fara hawan tudu. Gilashin da ya raba gaba da baya a buɗe yake, don Mushe Gaspard ba ya barin Illiassou ya huta. An wuce gadar? Dusar ƙanƙara ta rufe gonakin inabi? An rataya tauraron nan a kasuwa? Illiassou yana tuƙi yana ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya, ba gajiya, har da launin sararin sama. Ashe a wannan tafiyar shi ne idon tsohon.

Tanti ta tambayi Illiassou ko duk garuruwan nan ya san su. Ya ce aikin ne ya zagaya da shi. Wai akwai garin da ranar Nowel suke kafa rumfa a dandali su sa tumaki da jaki na gaske, su kwantar da jinjirin da aka haifa a shekarar, suna tuna haihuwar Annabi Isa. Akwai gidan da ya kai baƙi ya ga an jera faranti an bar ɗaya da kujerarsa ba kowa, aka ce masa na baƙon da Allah zai iya jehowa ne, aka kuwa zaunar da shi a kai. Na ga Baffa ya daina jan carbi.

Rana ta faɗi da wuri, kamar yadda take yi a wannan watan. Muka sha wata kwana, Illiassou ya rage gudu, ya ce, "Mushe Gaspard, ga garinku."

Wallahi ban taɓa ganin abu irin wannan ba, kuma ban ce zan sake gani ba.

An kashe fitilun titi gaba ɗaya. Garin yana manne a jikin tudu, gida bisa gida, kuma babu taga ɗaya da ba a jera mata ƙananan kyandirori a cikin kofunan gilashi ba. Tagar mai kuɗi da tagar talaka, tagar ɗakin kaji, kan katanga, bakin rijiya, har kan gadar da za mu bi. Wutar ba tsaye take ba, rawa take yi a hankali, sai ka ga kamar garin ne yake numfashi. Farar ƙanƙarar da ke kan rufi tana mai da hasken, ƙararrawa tana kaɗawa daga can sama. Na manta da Abdourahamane, na manta da rantsuwa, na manne fuska a gilashi kamar 'yar ƙauye.

Daga gaba na ji muryar Baffa ƙasa-ƙasa yana cewa subhanallahi. Madam Odette tana hawaye tana nuna mini wata taga, wai nan aka haife ta. Mijinta ya ce shi ƙanshin kakin ma ya ishe shi.

Motar ta shiga gari a hankali, mutane suna darewa suna ɗaga hannu. Kowa ya san motar, kowa ya san mai tuƙa ta. Daga mai gasa wani abu kamar gujiya a bakin titi har 'yan matan da ke sayar da kayan ado, Illiassou kawai kake ji.

Ya tsaya a ƙofar gidan burodi ya ce wa Baffa magariba ta yi. Baffa ya dubi titi, ya dubi ƙanƙara, yana neman inda mutum zai sa goshi. Kafin ya yi magana matar mai burodin ta fito tana goge hannu, ta ce ɗakin yana nan a share. Wani ɗan ɗaki ne a bayan tanda, ɗumi kamar cikin bargo, ga butar ruwan zafi an surka, ga darduma a naɗe a kan buhun fulawa. Ashe duk shekara haka take yi masa. Baffa ya ja mu salla, Illiassou a damansa, mu a baya, ƙanshin burodi ya cika mana hanci.

Da muka fito matar ta cika wa Tanti hannu da shokola naɗe a takarda mai ƙyalli da geza, irin wadda suke rabawa a wannan lokacin. Tanti ta fara jujjuya su, matar ta yi dariya ta ce kada ta damu, ta riga ta ware masu giya a ciki. Har Baffa sai da ya ɓare ɗaya ya sa a baki.

Zuciyata ta fara sanyi. Na ce a raina shi ke nan, saura ya ga Bernard ya karɓi tsohuwa mu koma gida. Ashe da sauran rina a kaba.

Cocin yana can ƙololuwar gari, tsohon ginin dutse, motar ba ta iya ƙarasawa sai gindin matattakala. A nan iska take da gaske, irin wadda take shiga ƙashi. Ruwan da ya kwanta a kan duwatsun ya daskare yana sheƙi. Muka fito, Baffa ya tsaya ya harɗe hannu a ƙirji, inda zai ga ƙofar sosai.

Illiassou ya ce wa Mushe Gaspard ya jira shi a mota. Ya ɗauki Madam Odette ya fara hawa, taku ɗaya-ɗaya, yana gwada kowane dutse da ƙafa kafin ya ɗora nauyi. Ya isa bakin ƙofa ya tsaya cak a inda ya saba tsayawa.

Babu Bernard.

Wata tsohuwa mai raba takardun waƙa ta leƙo. Iska ta kawo mana maganarta: Bernard ya faɗo daga tsani da safe yana rataya fitilu, yana lopital, wato asibiti, da karyayyar ƙafa. Samarin gari duk suna can ƙasa a dandali, sai an jima za su hauro da jerin gwano. A ciki babu kowa sai tsofaffi irinta da wani fada, limamin cocin, mai dogara sanda.

Illiassou ya juyo. Ya dubi Baffa, ya dube ni. A gefen ƙofar akwai wani benci na dutse, ƙanƙara ta kwanta a kai. Madam Odette ta ƙanƙame wuyansa, jikinta yana karkarwa har daga ƙasa ana gani, tana ce masa sanyi take ji, ɗana, sanyi.

Allah ya gafarta mini, a lokacin so na yi ya ajiye ta. Na ce a raina ajiye ta a benci, ka cire mantonka ka rufa mata, samarin za su zo. Na yi ta girgiza masa kai, hawaye suna daskarewa a kumatuna. Ya gan ni sarai. Ya daɗe yana kallona, irin kallon da mutum yake yi wa gidansu in zai yi tafiya mai nisa.

Sannan ya juya ya tsallake dokin ƙofar, duhun ciki ya haɗiye shi.

Na dafe kai. Tanti ta riƙe ni tana innalillahi a kunnena. Na dubi Baffa, fuskarsa ba ta motsa ba. Na durƙusa a gabansa a kan ƙanƙarar, ban san ma abin da nake faɗa ba.

"Baffa, ka gani da idonka, ba ibada ya shiga ba. Baffa, kai ka rene ni, ban taɓa tsallake maganarka ba, kuma yau ma ba zan tsallake ba. Amma ka sani in ka raba ni da shi, gangar jiki kawai za ka mai da La Courneuve."

Ba ni yake kallo ba. Mushe Gaspard ya gaji da jira ya lallaɓo ya fito daga mota, yana lalube da sanda yana kiran sunan matarsa. Ya ɗora ƙafa a dutsen farko, ƙafar ta zame. Baffa ne ya fi kusa. Ban san tsohon nan yana da sauran zafin nama haka ba, kafin in tashi ya riga ya tare shi da ƙirji.

Mushe Gaspard ya shafa hannun da ya riƙe shi, ya ce ba Illiassou ba ne wannan. Ya yi godiya, ya ce don Allah ko wane ne ya kai shi wurin Odette, tun ranar aurensu a benci ɗaya suke zama, in ba ta ji shi kusa ba tsoro take ji.

Baffa ya saƙala hannun tsohon a nasa. Suka fara hawa, tsofaffi biyu, ɗaya da hular Damagaram ɗaya da hular ulu, Baffa yana ce masa dusuma, dusuma, wato a hankali. Suka kai bakin ƙofa. Baffa ya tsaya a daidai inda Illiassou ya tsaya. Ya duba dama, ya duba hagu, babu mai karɓa. Makahon yana jan hannunsa gaba.

Ni da Tanti muka zuba masa ido. Baffa ya gyara zaman hularsa ya shiga.

Ba a daɗe ba Baffa da Illiassou suka fito tare. Suna saukowa Illiassou ya zube a gaban Baffa, ya cire farar safar hannunsa.

"Baffa, na san rantsuwarka, kuma ina sane na shiga. Ba zan ce maka kuskure ne ba, don in aka sake hakan zan sake. Ruwaida nake so fiye da yadda zan iya faɗa a gabanka. Duk hukuncin da ka yanke na karɓa."

Baffa ya juya mana baya. A ƙasa jerin gwanon ya taso, kowa riƙe da kyandir, hasken yana hauro tudu a hankali ta cikin lunguna, ana waƙa ƙasa-ƙasa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, kamar da kansa yake magana, shekarunsa nawa a ƙasar nan, ban da jirgin ƙasa da wurin aiki da masallaci bai san komai nata ba.

Sannan ya juyo wajen matarsa.

"Fatsima, shinkafar da ke gida za ta ƙosar da mutum goma?"

Tanti ta yi sororo, ta ce wane irin zancen shinkafa a nan. Can sai ta dafe baki. Ni ma sai a lokacin na gane. Ciyar da miskinai goma, kaffarar wanda ya warware rantsuwarsa.

"Na rantse, kuma na ga abin da ya fi rantsuwata," in ji Baffa. "Ruwaida, da ya ajiye tsohuwar nan a kan dutse don ya same ki, da ban san inda zai ajiye ki ba ranar da kika yi masa nauyi."

Kukan da na fashe da shi ya fi na farko. Tanti tana share mini hawaye tana share nata, tana cewa za ta dafa har da kaji, kuma za ta aika wa Abdourahamane nasa kwanon, don daga yau shi ma miskini ne. Baffa ya harare ta, amma gemunsa yana rawa.

Ya ce wa Illiassou ya tashi haka nan kada ya jiƙa wandon kamfani, kuma ya shaida wa manyansa ƙofar gida a buɗe take. Illiassou ya miƙe yana goge ido da bayan hannu. Ganin Baffa yana karkarwar sanyi, ya ruga ya buɗe masa ƙofar gaba, ya ce ya shiga ya ji ɗumi kafin tsofaffin su fito.

Baffa ya dubi kujerar da ya zo a kanta ya girgiza kai.

"Buɗe mini baya," ya ce. "Uban amarya ba ya zama a gaba."